Abin da Tiyo Ya Gani a Cikinmu

Tun da na dawo daga Maiduguri ba a bar ni na huta ba. A masallaci tambaya, a kasuwar garinmu Sara tambaya, har a gona mutum zai ajiye fartanya ya ce, "Ado, wai da gaske ne an zura maka maciji a ciki?" Na gaji da maimaitawa. Ni ba mai yawan magana ba ne, kuma ban yi boko ba. Shi ya sa na zaunar da Malam Idi na firamare na ce ya rubuta sau ɗaya, yadda na faɗa, kada ya ƙara gishiri. Wanda ya sake tambaya sai a miƙa masa takarda.

Sunana Ado, ana ce mini Ɗangoggo. Noma nake yi, da 'yan shanu. Kakanninmu Fulani ne, amma mu Fillancin ya tsere mana, sai gaisuwa. Na ga abubuwa. Kwalara ta ɗauke mini 'ya'ya biyu a mako guda. Motar shanu ta taɓa kifewa da ni a hanyar Kudu, na fito da ƙafata. Duk wannan bai durƙusar da ni ba, sai ciwon ciki. Shekara goma kamar an ajiye mini garwashi a ƙarƙashin ƙirji. Kanwar da na sha ta fi ta shanuna yawa.

A unguwarmu muna ciyayya. Bayan magariba kowane magidanci ya fito da tuwon gidansa ƙofar gidan Liman, a haɗa a ci tare. Ni da yayana Garba, uwa ɗaya uba ɗaya, kwano ɗaya muke sa hannu. Shi ƙato ne, ko mura ba ta kama shi.

Wata ranar kasuwa wani mai magani ya buga mini ƙasa ya ce, "An ba ka ka ci. Mai ba ka kuwa ba a nesa yake ba, hannunsa na shiga inda naka ke shiga." Lokacin ba a daɗe da raba mana fadamar babanmu ba, ɓangaren da ya fi ruwa ya faɗo mini. Na haɗa wannan da wancan. Ban ce wa kowa uffan ba. Da magariba kawai na ɗauki kwanona na koma zaurena na ci ni kaɗai. A wurinmu wannan ya fi a tsaya a tsakiyar kasuwa a kira sunan mutum. Kowa ya gane. Yaya Garba ma ya gane. Bai tambaye ni ba, ni ma ban faɗa ba. Shekara uku muna gaisawa kamar baƙi. 'Ya'yansa suka daina shiga gidana, wasu maƙwabta kuma suka daina sa hannu a kwanonsa.

Da kakar bara ina yankan dawa sai na yi aman jini na faɗi. Na farka a asibiti a Birnin Kudu, an rataya leda ana ƙara mini jini. Matata Hanne ta ce jinin na Yaya Garba ne.

Na ce, "Kunyar idon mutane ce."

Ta ce, "Allah ya shirye ka, Malam."

Da na ji sauƙi likitan ya rubuta takarda. Ya ce akwai wata likita a Maiduguri, tare suka yi karatu, aikinta ke nan leƙa cikin mutane, kuma irina take nema. Ya ce kada na tafi ni kaɗai. Babban ɗana yana ci-rani a Legas. Ranar tafiya na fito da sassafe, sai ga Yaya Garba a ƙofar gida da butarsa da tabarma a naɗe.

Na ce, "Ina zuwa?"

Ya ce, "Inda za ka."

"Ban kira ka ba."

"Na sani."

Haka muka taho.

A tashar Birnin Kudu muka samu bas. An matse mu kamar goro a huhu. Kusa da ni wata Hajiya Asabe ce, 'yar Wurno, mai saro turare a Maiduguri tana kai wa 'yan'uwanta Kano. Kafin mu bar gari ta riga ta san abin da ke damuna, duk motar ma ta sani. Nan kowa ya zama likita. Wani ya ce zuma da habbatus-sauda. Wani ya ce nonon raƙumi da sassafe. Wani ya ce ruwan kabeji. Direba ya waiwayo ya ce, "Baba, olsa ce. Ciwon ma'aikatan ofis ne, kai ina ka tsince ta a gona?"

Na ce, "Kalli gabanka."

Masu tambayata yadda iyakar jiha take, ba komai ba ce. Allo ne, da ganga biyu, da katako mai ƙusa. Mun ratsa ƙasar Bauchi ba wanda ya kula mu. A bakin Yobe ne aka ce kowa ya sauko da kayansa. Wani mai kaki ya kwance ƙunshina ya ga farin abu, ya ɗaure fuska.

"Mene ne wannan?"

"Kanwa."

"Ta mece ce?"

"Ta ciki."

Ya lasa, ya tofar. "Daga ina?"

"Jigawa."

Sai ya washe baki. "A'a, tagwayenmu! Ai jiharmu da taku rana ɗaya aka yanka musu ragon suna." Ya waiga hagu da dama, ya dafa nasa cikin, ya ce a hankali, "Ɗan gutsura mini, Baba. Ni ma nawa ba ya bari na."

Na gutsura masa. Na fara tunanin ko duk ƙasar nan an ba ta ta ci ne.

A Potiskum aka tsaya cin abinci. Shanun da na gani a garin nan ban taɓa ganin yawansu ba. Yaya Garba ya sayo shinkafa da wake ya ajiye a tsakaninmu. Na juya baya na ɗauko furar da Hanne ta ɗaura mini da hannunta. Ya miƙo ruwa, na ce ina da nawa. Hajiya Asabe ba ta iya gani ta yi shiru.

"Ku kuwa 'yan'uwa ne? Ko hanya ce ta haɗa ku?"

Yaya Garba ya ce, "Ƙanena ne, Hajiya. Cikinsa ne ba ya son mai."

Ya rufa mini asiri. Hakan ya fi ba ni haushi a kan da ya zage ni.

Bayan Damaturu taya ta fashe. Muka yi la'asar a gefen titi da taimama, direba na ta rantsuwa cewa sabuwa ce. Sai gab da magariba muka shiga Maiduguri, gari mai faɗi, dogon yaro a jere hagu da dama.

Mun sauka a gidan Ba Modu, fatoma ne mai saukar da fataken shanu, Yaya Garba ya san shi a harkar kasuwa. Babarbare ne, kun kuwa san wasan da ke tsakaninmu da su. Yana ganin mu ya buɗe hannu.

"Lale, lale! Allah ya kawo mini bayi biyu, ɗaya ma mara lafiya!"

Yaya Garba ya ce, "Mun zo duba talakawanmu ne. Har yanzu ba ku koyi tatsar nono ba?"

Gaisuwarsu ba ta ƙarewa. Mutum zai kama hannunka ya kai ƙirji, ya dawo ya kama, har sau goma, ka ɗauka an gama sai ya sake. Turare kuwa, har bunsurun gidan ƙamshi yake. Mu muna cin fara in ta samu, su a tire suke tallarta da yaji kamar tsire.

Aka kawo burabusko da miyar yakuwa da bandar kifi, a tire ɗaya. Na ce a raba mini nawa.

Ba Modu ya ce, "A gidana baƙi biyu ba sa cin tire biyu."

Na ce likita ne ya hana. Ya dube ni, ya dubi Yaya Garba da ya sunkuyar da kai. Sai ya sa aka kawo mini kunu. Da safe za mu fita ya kama hannuna ya ce, "Bafillace, ciwonka biyu ne. Ɗaya ne kawai na asibiti."

Asibitin gari ne guda. Mun ɓata sau biyu kafin mu samu ɗakin. Wata nas ta karɓi takarda ta ce mu dawo gobe, kada na ci komai, kamar mai azumi. To mu mun san yadda ake azumi. Kafin asuba matar Ba Modu ta aiko da kunun gyaɗa, na sha na ƙoshi. Da muka je nas ta ce, "Ka ci wani abu?"

Na ce, "Sahur kawai."

Ta yi dariya har ta dafa bango. Aka ɗaga sai washegari. Duk mai zuwa ya riƙe wannan: azumin asibiti ba shi da sahur.

Yanzu ga maganar macijin. Ba maciji ba ne, baƙin tiyo ne, kaurin ɗan yatsa, tsawon igiyar ɗaure maraƙi, da fitila a bakinsa. An fesa mini wani abu mai ɗaci a maƙogwaro, aka kwantar da ni ta hagu, aka sa mini roba a baki, aka ce haɗiye. Na binne 'ya'yana ban yi hawaye a gaban mutane ba. Tiyon nan ya sa ni. Ina shure-shure wani ya riƙe mini ƙafafu, sai daga baya na ga Yaya Garba ne. Likitar ta sa ido a ɗaya bakin tana kallo. Ta tsinko ɗan abu kamar ƙwayar gero ta jefa a wata 'yar kwalba mai ruwan ɗorawa. Kafin na gama dawowa hayyacina ruwan ya koma ja.

Likitar 'yar wajen Biu ce, Hausarta a ɗan karkace amma ana ganewa. Ta ce, "Malam Ado, gyambo ne a bakin hanji, faɗin farcen babban yatsa. Ba daji ba ne, ka gode wa Allah. Wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi, ita ce ta juya ruwan nan. Tana da magani."

Na ce, "Wa ya zuba mini ita?"

Yaya Garba na tsaye a bayana. Ban waiwaya ba.

Ta ce, "Ba zuba ta ake yi ba. Mutane da yawa a ƙasar nan suna yawo da ita ba su sani ba. Wataƙila har ni."

"To wannan fa? Shekara talatin kwano ɗaya muke ci, shi ko gyatsa ba ta dame shi ba."

Ta ajiye alƙalami. "Wannan tambayar ita ce aikina. Sana'arka mece ce?"

"Noma da kiwo."

"Farar saniya da jar saniya duk ɗaya ne?"

Na ce, "Ina! Fara bunaji ce, mace ma sai ta ja ta. Ja rahaji ce, in ba ta san ka ba sai ta ɗaga ka sama."

"Amma duk shanu ne."

"Duk shanu ne."

"To haka ƙwayar nan take. Sunanta ɗaya, jinsinta daban-daban. Wata za ta zauna a cikin mutum har ya tsufa ba ta taɓa shi ba. Wata tana da abin da take sukar bangon ciki da shi har ya yi gyambo. A haka aka haife ta, ita ma gadon iyayenta ne. Ba jinsin kaɗai ba, jikin mutum ma da nasa, da abin da yake ci da sha. Muna kan bincike, ba mu gama sani ba."

Sai na ji muryar Yaya Garba. "Likita, a zura mini."

Ta ce, "Malam, kai ba ka da ciwo. Zai amfani bincikenmu, amma ba dole ba ne, ka kuma ga yadda yake. Ka ci abinci yau?"

"Ban ci ba. Tun da shi bai ci ba." Ya tuɓe hularsa ya ajiye. "A duba. In akwai abin da na ɓoye a cikina, yau ya gani."

Ta yi masa bayani, ya dangwala yatsa a takarda, ya kwanta. Mutum lafiyayye, ya ga abin da tiyon ya yi mini, ya buɗe baki ya haɗiye. Nas ta ce wani ya riƙe ƙafafunsa. Ba kowa sai ni. Na riƙe. Faso ne duk a diddigensa, irin nawa.

Nasa ruwan ma ya koma ja. Ƙwayar na nan. Gyambo babu.

Likitar ta ce za ta aika abin da ta tsinko namu mu biyu ƙasar waje inda ake tantance jinsi, amsa sai bayan watanni. Sannan ta ce, "Ƙwayar nan yawanci tun mutum na ƙarami take shiga, daga masu renonsa, ta yawu ko ruwan sha. Babba bai cika ɗaukarta ba. Gida ɗaya kuka tashi?"

Na buɗe baki zan ce e. Yaya Garba na tari ya ce, "A'a. Ni a gaban Inna na tashi. Shi da aka yaye shi aka kai shi wurin Goggo."

Gaskiya ne. Goggo Dije yayar babanmu ce, a wata ruga bayan Gwaram. Ba ta taɓa haihuwa ba. An kai ni yaye wurinta ta ƙi mayarwa, aka bar mata ni. Daga nan sunan Ɗangoggo. Sai da ta rasu na dawo Sara, ina ɗan shekara goma sha biyu.

Likita ta ce, "Yaya take ba ka abinci?"

Ban so na amsa ba. Na tuna. Nama sai ta tauna ta sa mini a baki. Kunu sai ta kurɓa ta ji zafinsa, sannan ta miƙo mini ludayin. In abinci bai isa ba, ta ce ita ta ƙoshi.

"Me ya yi ajalinta?"

Yaya Garba ya bar mini amsar. Na ce, "Ciki. Kanwa take sha kullum. Ranar ƙarshe jini ta amayar a ƙwarya. Ni na zubar."

Likitar ta ce, "Ban ce ita ce ba. Ba zan iya rantsewa ba. Kuma ko ita ce, ba ta sani ba."

Na ce, "Ta ishe ni."

Shekara uku ina neman maƙiyin da ya ba ni na ci. Ashe in ma an ba ni, wadda ta fi kowa sona ce ta ba ni.

Aka ba ni magani kala uku na mako biyu. Aka ce na bar kanwa, na bar taba, na bar ƙwayoyin ciwon jiki na 'yan tebur. Ba Modu ya raka mu tasha, ya tura mana ƙunshin bandar kifi, ya ce, "Ku gai da sauran bayina." A kunne ya ce mini, "Ciwon na biyun fa?" Na ce maganinsa na hanya.

A Potiskum Yaya Garba ya ce wa mai abinci ta zuba kwano biyu. Na ce, "Ɗaya." Ya dube ni. Muka ci a kwano ɗaya. Amma na san wannan bai isa ba. A Potiskum ba wanda ya san mu. Abin da na yi masa a gaban mutanen Sara na yi shi.

Mun iso gida da la'asar. Bayan magariba na ce wa Hanne ta ba ni kwanon. Ta ce, "A zaure?" Na ce, "Ba ni kawai." Na fita da shi ƙofar gidan Liman. Ana ta hira, ana gani na aka yi tsit. Na ajiye kwanon a gaban Yaya Garba, na durƙusa.

Na ce, "Jama'a, na zargi yayana da abin da bai yi ba. An leƙa cikina an leƙa nasa. Ƙarya na ɗora masa. Yaya, ka yafe mini."

Tsawon maganata ke nan. Ban taɓa yin wadda ta fi ta nauyi ba.

Ya daɗe yana kallon tuwon. Sannan ya gusa ya ba ni wuri a tabarma, ya turo mini buta, ya ce, "Wanke hannunka. Likita ta ce ka rage yaji, ci ta wannan gefen."

Liman ya ce alhamdu lillahi. Waɗanda suka daina taɓa kwanonsa na ga hannayensu na lallaɓowa ɗaya bayan ɗaya.

Na shanye maganin. Garwashin ya mutu. Azumin bana na yi shi talatin cif, rabona da haka na manta. An yaye jikata kwanan nan, aka kawo wa Hanne. Ban hana ba, yaye a wurin kaka ba laifi ba ne. Na dai sayo mata nata ɗan ludayi, na ce a daka mata nama a turmi, kada a tauna. Hanne ta ce na koma ɗan boko. Na ce na ji.

Bayan wata biyar takarda ta zo ta hannun likitan Birnin Kudu. Malam Idi ya karanta mana a wurin ciyayya. Ta ce ƙwayar cikina da ta cikin Yaya Garba ba jinsi ɗaya ba ne. Tawa mai sukar ce, tasa mai lafiya.

Yaya Garba ya lashe yatsa ya ce, "Ai ba sai an kai ƙasar waje ba. Ni da bunaji a cikina, shi da rahaji. Ku dubi halinsa mana."

Aka yi ta dariya. Ni ban yi ba, amma ban tashi ba.

To kun ji abin da na gano a Maiduguri. Wanda cikinsa ke ci masa wuta ya tafi a leƙa. Tiyon ba daɗi, amma minti kaɗan ne. Ni kafin na haɗiye shi sai da na yi shekara uku ina cin tuwo ni kaɗai.